Wayar Mainasara da Naman Watanda

A wata unguwa da ke gefen hanyar Zango, can ƙarshen Daura inda gidaje ke fara cuɗanya da gonaki, akwai wani magidanci ana ce masa Mainasara. Mutum ne da gemunsa da iyalinsa, ba yaro ba, amma bakinsa ya fi hannunsa aiki nesa ba kusa ba. Wata shekara ma'aikatan lantarki suka zo gyaran sanda a bakin titi, suka ce ya riƙe musu tsani. Ya riƙe. Tun daga ranar ba a sake jin ya ce "masu wuta" ba, sai dai "mu ma'aikatan wuta". Ya sayi testa, abin gwada wuta, ya soke a aljihun gaba kamar biro, ko masallaci zai je tana nan. Ɗan ƙwan da ke cikinta ya daɗe da mutuwa, amma abin bai dame shi ba, don ya ce shi da ido yake gane wuta.

A zaurensa akwai wata tsohuwar firiza mai faɗin gado, wadda ya samo a gwanjo bayan ya rabu da tunkiyar matarsa Ikilima. Ba a taɓa kunna ta ba, domin tun da ruwan sama ya kayar da sandar lungunsu wuta ta tsaya a bakin titi, ba ta ƙara shigowa ba. Ikilima ta gaji da mita, ta mai da firizar rumbu, tana zuba gero a ciki. Ta ce aƙalla ɓera ba ya iya huda ta.

To, azumin wannan shekara ya faɗo a tsakiyar zafi. Magidantan lungun suka yi watanda kamar yadda suka saba: suka haɗa hannu suka sayi sa guda, a yanka jajibirin sallah, a kasa naman, kowa ya ɗauki kashinsa. Gidaje da yawa a lungun wannan ne naman da za su gani a sallar, babu wani. Aka ɗaure san a ƙofar gidan Baba Nagoggo, dattijon da ke shugabantar watandar, ana ba shi harawa, kowa ya wuce sai ya tsaya ya shafa tozonsa.

Ana saura 'yan kwanaki sallah, da asuba, san ya tsinke igiya ya zura ƙafa a ramin da aka haƙa don yin bulo. Ƙafa ta karye. Babu yadda za a yi, aka sa masa wuƙa kafin rana ta fito. Hantsi bai yi ba an feɗe, an kasa nama a kan buhuna a ƙofar gida, mutane sun kewaye suna kallonsa kamar an yi musu rasuwa.

Baba Nagoggo ya ce, "Abin da Allah ya yi ya yi. Kowa ya ɗauki nasa, mata su soya yau ɗin nan, wanda ba shi da mai ya yanyana ya shanya. Wannan zafin ba ya jiran kowa."

Sai aka ji gyaran murya daga baya. Mainasara ya ratso mutane yana taɓa testarsa.

"Baba, suya? Shanya? A wannan zamanin? Ashe har yanzu muna nan inda kakanninmu suka bar mu. Ranar sallah mutanen cikin gari na cin miyar ɗanyen nama, mu muna tauna ƙirgi?"

"To ya za mu yi, Mainasara?"

"Ga firiza a zaurena tana kuka don rashin aiki. Ku zuba naman nan a ciki. Ranar sallah ku zo ku ɗauka kamar yanzu aka zare wuƙa."

Wata tsohuwa, Iya Maijidda, maƙwabciyarsa ta jikin katanga, wadda ita ma tana da kashi guda a watandar, ta ce, "Da wace wutar, ɗan nan? Ta murhu?"

Aka yi dariya. Mainasara bai yi ba.

"Iya, wuta ba ta zuwa da kanta, jawo ta ake yi. Ga ta can a shagon Sha'aban tela a bakin titi. Zan haɗa waya, ba irin ta kasuwa mai kama da taliya ba, waya mai ɗaukar nauyi, wadda ko injin niƙa aka jona mata ba za ta yi tari ba. Kafin azahar firiza ta ɗauka. Kuma ku ji wata magana: yau duk wanda ke cikin watandar nan da ƙanƙara zai sha ruwa."

Wannan kalma ta ƙanƙara ita ta kashe musu jiki. Mutum yana azumi, rana ta fara dukan ƙeya, a ce masa ƙanƙara, ai hankalinsa ya tafi. Baba Nagoggo ya dubi nama, ya dubi rana, ya haɗiye yawun da ba shi da shi, ya ce, "To, a gwada."

Aka kwashe geron Ikilima aka juye a tabarma. Kafin a fara zuba nama, Mainasara ya ce tun da shi zai yi aikin injiniya kyauta, a bar shi ya zaɓi kashinsa. Ya tattara hanta da ƙoda da rabin tozo, ya ƙulle a leda, ya sa a can ƙasa, kusa da inji.

"Sanyi nauyi gare shi," in ji shi, "ƙasa yake kwanciya. Wannan sirrin aiki ne, ban cika faɗa ba."

Aka jibga sauran a kai, kowa da alamarsa, aka jera ƙullin ruwa a leda a sama don ƙanƙara. Ya rufe, ya sa kwaɗo, ya jefa makulli a aljihu.

Da mutane suka watse, Ikilima ta leƙo daga bayan labule.

"Malam, ina wayar?"

"Tana cikin gidan nan."

"A ina? Ni da nake share gidan kullum ban gan ta ba."

"Ke da yake ba ki da idon aiki. Miƙo min dutsen gugarki."

Kafin ta gane abin da ake ciki ya sa wuƙa ya yanke wayar dutsen guga. Ya yanke ta fanka. Ya yanke ta rediyo, siririya kamar zaren saƙa. Ya shiga ƙarƙashin gado ya jawo wata baƙar waya mai kaurin rake da ya tsinto a tsohon famfon burtsatse, ya je wurin ladan ya roƙo ta tsohuwar lasifikar masallaci. Ya zauna a tsakar gida ya baje su kamar mai tallar hanji, yana feɗe bakin kowace da haƙori yana tofarwa, yana murɗa wannan da waccan. Salatif ya ƙare masa tun a gaɓa ta biyu, sai ya koma naɗewa da ledar burodi, yana ɗaurewa da robar tayar keke.

Ikilima ta ce, "Malam, wannan mai kauri, wannan siririya. Anya za su zauna lafiya?"

"Mai kaurin ita ke ba siririyar ƙarfi. Kamar ni da ke."

"To Allah ya sa kada siririyar ta gaji, kamar ni da kai."

Ya yi kamar bai ji ba. Ya naɗe abin a kafaɗa ya nufi bakin titi.

Sha'aban tela na kan keke, ɗinkin sallah ya taru masa har rufi, idonsa ya yi ja don rashin barci. Ya ɗaga kai ya ga abin da Mainasara ke ja.

"Wannan fa? Macijin wa ka kashe?"

"Waya ce. Ba ni soket."

"Wannan abin mai ƙulli-ƙulli kamar carbi za ka soka a bangona? Ka san kayan mutane nawa ne a nan?"

"Sha'aban, yaushe rabonka da ruwan sanyi?"

Sha'aban ya tsai da keke. Ya lashi leɓe.

"Jug guda," in ji Mainasara, "cike da ƙanƙara, kana zaune za a kawo maka."

"Biyu."

"Biyu."

Wayar ba ta da kan da ake sokawa, sai Mainasara ya cusa bakinta tsirara cikin ramukan soket, ya danne da tsinken ashana. Ya ce kada a kunna tukuna. Ya fara warware ta a ƙasa, ya tsallaka lungu da ita, yana tafiya da baya yana ba mutane umarni su kauce.

Bai kai rabi ba sai ga Audi mai amalanke ya shigo da shanunsa biyu, ya ɗauko taki zai kai gona. Mainasara ya ɗaga hannu kamar ɗan sanda.

"Tsaya! Aikin wuta ake yi!"

Audi ya tsaya, shanu ba su tsaya ba. Wayar ta naɗe a ƙafar amalanke. Aka ji ƙara daga shagon tela, sai ga soket ɗin Sha'aban ya fito ta ƙofa da guntun bango a jikinsa, yana bin amalanke a baya yana tsalle kamar ɗan akuya.

Sha'aban ya fito da almakashi a hannu. Ya buɗe baki, ya rufe, ya ce, "Ina azumi. Ina azumi. Mainasara, akwai maganar da zan gaya maka, amma na ajiye ta sai an sha ruwa."

Audi ya sauko yana warware waya daga ƙafar amalanke. Ya ce, "Ni ma a ajiye min wuri a bayansa."

Mainasara ya ce, "Laifin ƙasa ne. Waya mai daraja ba ta tafiya a ƙasa. Sama za ta bi."

Ya mai da soket ya toshe da laka. Ya ƙulla inda ta tsinke. Ya samo gora biyu ya kafa a gefen lungu, ya ɗaga waya a kai, ya ja da baya yana dubawa, hannu a ƙugu. Ana cikin haka wani ɗan acaɓa, Jibril, ya shigo da gudu ɗauke da wani malami mai rawani da ya fito daga wajen tafsiri. Jibril ya sunkuya. Malamin bai gani ba. Babur ya wuce da malam, rawani ya tsaya a waya yana lilo, ya warware har ƙasa.

Malamin ya sauko da kansa a buɗe, ya naɗe rawaninsa a hankali, ya dubi Mainasara tun daga ƙafa har hula.

"Bawan Allah, wata ne mai alfarma. A wane gida kake?"

"Ga shi can, Malam."

"Madalla. Zan dawo bayan magariba."

Aka ƙara wa gora tsawo. Amma da waya ta hau sama sai ta cinye tsawonta, ta ƙare daidai kan katangar Iya Maijidda, saura faɗin tsakar gidan tsohuwar kafin ta isa zauren Mainasara. Azahar ta yi, an yi salla, rana ta tsaya a tsakiyar kai. Baba Nagoggo ya zo ya tsaya a ƙofar zaure yana shinshina iska.

"Mainasara, naman nan tun safe yake a rufe."

"Baba, firiza ko ba wuta tana da sanyin gado. Saura ƙiris."

Ya faɗa gida ya kwance wayar shanyar Ikilima, irin ta ƙarfe tsirara, kaya na kai ya zubar da su a ƙasa. Ya raba ta biyu, ya miƙa su gefe da gefe a kan tsakar gidan Iya Maijidda, ya sa totuwar masara a tsakani don kada su haɗu. Ita kuwa siririyar wayar rediyo, da ta rasa inda za ta rataya, ya ɗora ta a kan rumfar Baba Nagoggo, ya cusa ta cikin harawar da san ya bari don kada iska ta ɗauke ta.

Ya tsaya a tsakiyar lungu ya ƙwala kira, "Sha'aban! Saki wuta!"

Iya Maijidda kuwa tana bayan ɗaki tana wankin kayan sallah, ba ta san abin da ake yi a kanta ba. Ta fito da bokiti, ta ɗaga kai ta ga sabuwar igiyar shanya, har layi biyu, an miƙa mata daga katanga zuwa katanga. Ta ce a ranta, ashe yaron nan yana da ranar hankali. Ta ɗauko zanenta na sallah, jiƙe sharkaf, ta wurga shi a kai.

Tau!

Wani shuɗin haske ya tashi, kaji suka watse, Iya ta zauna daɓas cikin bokiti. A bakin titi keken Sha'aban ya tsaya cak a tsakiyar wuyan riga.

Mata suka ruga suka ɗaga ta. Ba ta ji ciwo ba, sai dai zanen ya sami layi biyu na ƙuna daga gefe zuwa gefe. Ta ɗaga shi ta leƙa Mainasara ta cikin hujin.

"Ɗan nan, zo nan."

"Iya, ai ba a shanya a kan layin wuta. Kowa ya sani."

"Layin wuta a tsakar gidana? Wa ka tambaya? Na riƙe ka ranar sunanka, ka yi min fitsari a zane, ban ce komai ba. Yau ka ƙona min wani. Bakina da azumi. Amma ka ci abinci da kyau in an sha ruwa, don za ka daɗe a tsaye."

Mainasara ya zare zanen da sanda, ya ɗaura jan tsumma a wayar don gargaɗi, ya koma shagon tela. Sha'aban na tsaye gaban allon mita yana riƙe da fis da ya ƙone.

"Ka gani? Ka ga abin da ka yi?"

Mainasara ya karɓa ya juya shi a tafin hannu yana murmushin tausayi.

"Wannan ai shi ne matsalar. Ɗan siririn abu kamar gashin jariri, da ya ji wuta ta yi nauyi sai ya tsinke. Matsoraci ne. Mu ma'aikata ba ma amfani da shi."

Ya laluba aljihu ya fito da ƙusa mai kaurin yatsa, ya cusa a gurbin.

"Wannan ko tsawa ce ta faɗo ba za ta tsinke ba."

Sha'aban ya ce, "To in abu ya lalace, me zai tsinke?"

"Babu. Shi ne daɗin abin."

Keke ya tashi. Sha'aban ya dubi tarin ɗinki, ya koma ya zauna.

A zaure kuwa firiza ta yi wani nishi, ta ce "uuum", ta yi "ƙyat", ta yi shiru. Can ta sake: "uuum, ƙyat." Mainasara ya daka tsalle.

"Ikilima! Fito ki ji muryar ilimi!"

Ikilima ta fito ta saurara. Ta ce, "Malam, kamar mai son tashi ne ya kasa."

"Numfashi take yi. Kowane inji da yadda yake numfashi."

Ta sa hannu a gefen firizar ta ƙasa, ta janye da sauri.

"Da zafi fa. Kamar gindin tukunya."

"To ina kike so zafin ya tafi? Zafin naman ne take fitarwa waje. In waje ya yi zafi, ciki ya yi sanyi ke nan. Ki je ki gaya wa mata su kawo kwanuka bayan la'asar."

"A buɗe a duba mana."

"A buɗe sanyi ya gudu? Makulli na aljihuna, ba mai taɓawa."

Bayan la'asar lungu ya cika. Labarin ƙanƙara ya tsallaka har unguwar gaba, waɗanda ba su cikin watanda ma sun zo da jug da kofin silba, wai ko za a samu ragowa. Mainasara ya sa babbar riga, ya hau kan turmi a ƙofar zaure, ya fara jawabi. Ya ce wannan somin taɓi ne. Bayan sallah zai ja waya har Sandamu. Ya ce akwai manya da suka neme shi aiki a Katsina ya ƙi, don ba ya son barin talakawa cikin duhu.

Iya Maijidda na zaune a gaba da kwanonta. Ta ɗaga hanci.

"Wa ke gasa masara da azumi?"

"Ba masara ba ce," in ji Audi mai amalanke, "kamar roba."

Mainasara ya ce, "Ƙamshin sabuwar waya ne. Haka take yi in tana sabawa da aiki."

Sai wata mata ta yi salati tana nuna sama. Hayaƙi ne ke tashi daga rumfar Baba Nagoggo, fari da farko, sannan baƙi, sannan harawa ta kama gaba ɗaya, bal-bal. A kan wayar kuma kowane ƙulli na ledar burodi ya fara narkewa yana ɗiga, ɗaya bayan ɗaya, tun daga rumfa har bakin titi.

"Gobara! A kashe wuta! Sha'aban, kashe!"

Sha'aban ya danna makunni, ya riga ya narke ya manne. Ya kai hannu wajen fis, ya tarar da ƙusa ta yi ja. Audi ne ya fizgi gorar da ke riƙe da waya ya maka mata, ta tsinke, tartsatsi ya watsu, kowa ya yi baya.

"Ruwa! A kawo ruwa!"

Ina ruwa? Randunan lungu duk an juye su a leda tun safe an kai firiza. Baba Nagoggo ya damƙi wuyan babbar rigar Mainasara.

"Makulli!"

"Baba, sanyin zai..."

"Makulli, ko in fasa ta da gatari!"

Aka buɗe. Wani tururi mai ɗumi ya bugi fuskokin na gaba, da wani wari-wari da ya fara tasowa daga ƙasa. Ƙullin ruwan nan da aka ce ƙanƙara ne, ko wanka aka yi wa jariri da su ba zai yi kuka ba. Nan take aka yi layi, ana miƙa su hannu da hannu ana jifan rumfa da su, suna fashewa fas, fas. Da ƙanƙarar Mainasara aka kashe gobarar, da taimakon ƙasa da bokitin wankin Iya Maijidda. Harawa ta tafi, rumfa ta tafi rabi, Allah ya tsare gidaje.

Ba wanda ya tsaya kallon toka. Iya Maijidda ta riga ta zura hannu cikin firiza tana fito da nama, tana kai wa hanci, tana miƙawa.

"Wannan da rai. Wannan ma. Wannan a yanke gefen. Ikilima, hura wuta! Ke, kawo kasko! Duk mai mai a gida ta fito da shi, ba na son jin ƙarya. Maza, ku kawo wuƙaƙe, a yanyana wanda kasko ba zai ɗauka ba, a sa gishiri. Saura kaɗan mu yi sallah da kuka."

Ta yi ta fitarwa har ta kai ƙasa. Ta ɗago wata leda da yatsa biyu, ta miƙar da hannu nesa da fuskarta. Ledar ta kumbura kamar cikin jaki. Tun azahar take kwance a jikin inji mai zafi, nauyin sa guda a kanta. Mutane suka toshe hanci suka ja baya.

"Wannan na wane ne?"

Ikilima ta ce daga bakin murhu, "Na injiniya ne. A ƙasa sanyi yake kwanciya."

Daidai nan ladan ya kira magariba. Kowa ya sa dabino a baki, aka kurɓi kunu da ruwan ɗumi, aka yi salla a gurguje. Da aka sallame, Mainasara ya ɗauki takalmansa a hannu zai sulale ta gefen masallaci, sai ya tarar an riga an yi layi a ƙofa. Sha'aban ne a gaba, Audi na bayansa, Baba Nagoggo na biye, Iya Maijidda ta sa an kawo mata kujera. A ƙarshen layin ga malamin nan mai rawani, ya cika alkawari, har da Jibril da ya kawo shi.

Sha'aban ya ce, "Alhamdu lillahi, an sha ruwa. Mainasara, tsaya nan."

Abin da aka gaya masa a wurin ba na rubutawa ba ne. Ya dai tsaya ya sha, babu wanda ya yi masa ragi, kuma da Iya ta gama nata sai ta ce ta manta wani abu, ta sake shiga layi. Daga nan aka miƙa masa gatari. Duk itacen da aka soya san nan da shi, shi ya faskara, da babbar rigarsa.

Da gari ya waye, ƙamshin suya ya cika lungun, kowane gida da kwanonsa a rufe. Naman da aka yanyana kuwa aka rasa inda za a shanya, don igiyoyin lungu ba su isa ba. Ikilima ta dubi tarin wayar da aka yasar a bakin zaure, ta kira mata. Suka wanke ta, suka miƙa ta daga katanga zuwa katanga, daga bishiya zuwa gora, suka rataya nama a kai tun daga ƙofar Iya Maijidda har kusa da shagon tela. Mai kaurin ta ɗauka, siririyar ma ta ɗauka, ko gezau.

Mainasara ya fito da hannaye duk kanta, yana tafiya kamar wanda aka daka. Ya ɗaga kai ya ga jan nama reras a kan wayarsa, rana na dukansa. Ya tsaya. Ya gyara hula. A hankali hannunsa ya koma kan testa.

"Baba Nagoggo! Sha'aban! Ku fito ku gani da idonku. Me na ce muku jiya? Na ce wayar nan mai ɗaukar nauyi ce ko ban ce ba? Na ce ita za ta ceci naman nan ko ban ce ba? Rabin sa ne fa a kanta!"

Iya Maijidda na zaune a inuwa tana ɗinke zanenta. Ba ta ko ɗaga kai ba. Ta miƙo masa wani dogon kara mai tsumma a baki.

"Ka faɗa, ɗan nan, mun ji. Karɓi wannan. Tun da layinka ne, kai za ka tsare shi. Ka kori ƙuda, ka kori shirwa, har ya bushe. In yanka ɗaya ya ɓata, na san inda zan same ka."

Ya karɓa. Ya daɗe yana kaɗa kara, yana kallon naman mutane. Can ya matsa kusa da labule ya rage murya.

"Ikilima, mu namu fa? Me za mu ci ranar sallah?"

"An ba mu ƙafar da ta karye," in ji ta. "Tana cikin firiza, na mai da gero a kanta. Kada ka damu, Malam, na sa ta a ƙasa."